Ranar da Mu'awiyya Ya Kira Tuwo Tun Yana Talge

In ana neman garin da baki ya fi hannu iya kiɗa, a zo Dandamisa a tambayi gindin ɗorawar da ke gaban shagon caji. Nan muke taruwa kowace la'asar, mu matasan makaɗa wajen goma, kowa da wayarsa cike da kiɗan mutanen da. Wannan ya ce shi hannun Zamfara gare shi, wancan ya ce shi a Katsina ya sha nasa, wani ma ya rantse a finafinan Indiya ya tsinci salonsa. A yi ta musu har a kira magariba ba wanda ya taɓa fata. To, duk cikinmu ba wanda ya kama ƙafar Mu'awiyya.

Mu'awiyya yana da mata ɗaya, Ramla, da 'ya ɗaya, Samira, da tsofaffin kaset-kaset cike da kwali huɗu. Da bakinsa ya raɗa wa kansa Furofesa. Ba kasuwar da bai bi ba daga Ikara zuwa Kudan yana tsintar kaset, har waɗanda ɓera ya ci rabinsu. In ka tambaye shi wa ya koya masa kiɗa, sai ya ɗaga hannuwa biyu ya ce, "Wannan na dama Zamfara ce, na hagu Katsina. In na haɗa su kuwa, sai dai ku nemi wurin zama."

Ana nan sai Baba Gambo, Sarkin Kiɗan garinmu, ya tara mu. Tsufa ya zo masa, hannunsa yana rawa, makaɗi ba ya zama a cikinsa. Ya sa aka fito da gangar noman da ya gada wurin mahaifinsa, marigayi Ukasha, wadda ake kira Tada-Rago. Ya ce, "Sarkin Noma Zulkifilu ya kira gayyar huɗa nan da mako uku. Ranar zan zauna in saurara. Wanda ya fi riƙe garma da kiɗansa, shi zai koma gida da gangar nan."

Ga wanda bai sani ba, a gayya ganga ce ke tuƙa garma. Akwai dukan da ke cewa a sara, akwai wanda ke cewa a ɗaga ƙafa a yi gaba. In kuma makaɗi ya hango mata sun taho da tuwo, sai ya riƙa jan kiɗan a hankali a hankali har ya mutu, kowa ya yar da garma ya nemi inuwa. Duk wanda ya taɓa cin tuwon gayya a garinmu ya san wannan. Shi Furofesa bai taɓa zuwa ba, don a cewarsa rana tana ɓata kunne.

Kowa ya san mutum biyu ne za su kara: Mu'awiyya da Zakiyyu. Zakiyyu sa'ansa ne, shiru-shiru, shekara shida yana bin Baba Gambo gona-gona, kuma ko kaset ɗaya ba shi da shi.

Mu'awiyya ya ce mana, "Ku ji tausayin Zakiyyu. Shi wurin ɗan yake koyo, ni wurin uban zan koya. An ce mutanen wani gidan rediyo sun taɓa ɗaukar Ukasha a faifan garmaho. Zan nemo shi, in kwashe abin da ko Baba Gambo ya manta."

Muka ce, "Allah ya ba da sa'a, Furofesa," muna ƙifta wa juna ido.

Abin mamaki, ya samo shi. Ranar kasuwar Makarfi ya tarar da shi rataye a bangon wani tsohon mai gyaran rediyo, baƙi wuluk, da 'yar takarda a tsakiya an rubuta Ukasha Dandamisa. Mu'awiyya ya yi sallama ya shiga. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da damina da gajiya, ya ce, "Baba, faifan can fa?"

Tsohon ya ce, "Ba na sayarwa ba ne, ɗana. Ado nake yi da shi." Ya leƙa waje. "Keken nan naka yana da birki kuwa?"

Da ƙafa Furofesa ya dawo gida. Rana ta take, ga shi ba malafa, sai ya ɗora faifan a ka yana tare ta, yana tafe yana yi wa kansa kirari. Kafin ya iso ƙofar gida faifai ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa.

Ramla ta dube shi, ta dubi bayansa, ta ce, "Baban Samira, ina keken?"

"Haba Ramla! Ana maganar tarihi kina maganar keke?"

"To tarihin ne zai riƙa kai mini masara injin niƙa?"

"Ki jira ranar gayya. Matar Sarkin Kiɗa za a riƙa kiranki."

"Matar Sarkin Tafiyar Ƙasa dai," in ji ta, ta koma bakin murhu.

Don ya miƙar da faifan, ya shimfiɗa shi a ƙasan ɗaki, ya kinkimo buhun masara ya danne shi har kwana biyu. Faifai ya miƙe kam, ba laifi. Sai dai akwai wata 'yar tsakuwa a ƙarƙashinsa da ba wanda ya gayyace ta, ta yi masa karce mai zurfi a tsakiya. Mu'awiyya ya shafa wurin da yawu ya ce ba komai.

Saura garmaho. Ya tambaya ya tambaya, aka ce masa a Taba akwai wata tsohuwa, Hajiya Mairo, da aka kawo ta gidan miji da shi. Ya bi motar rake ya je. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaida jikoki, ya gaida tsufa, ya gaida ƙafa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Yana nan a ɗakin kaji, ɗan nan. Je ka gani."

Ya je ya gani. Murfin akwatin a buɗe, wata jar kaza kwance a ciki kan ƙwai goma sha ɗaya. Ya miƙa hannu, ta tsage masa yatsa.

"Hajiya, ko za a matsar da ita?"

"A matsar da wa? Kai aka matsar da uwarka tana jego? Saura kwana bakwai ta ƙyanƙyashe. In kana so ka jira."

Haka Furofesa ya yi ta zirga-zirga tsakanin Dandamisa da Taba yana duba kaza. Duk la'asar in ya iso gindin ɗorawa sai mu haɗa baki, "Furofesa, ya mai jiki? An sauka?" Shi kuwa ya ce, "Ku yi dariyarku. Manyan masana duk sun sha irin wannan."

Ran na takwas kaza ta fito da 'ya'yanta, ya ɗauko garmaho a ka, yana warin kashin kaji. Allurarsa ta ɓace tun zamanin da ba a tunawa, sai ya karyo ƙayar aduwa ya soka a gurbinta. Ya wana hannun har ya ƙi gaba, ya ɗora faifai, ya kira Ramla ta zo ta shaida.

Abin da bai sani ba, sifirin ɗin da ke juya faifai a cikin garmahon ya gaji da duniya. In an wana shi sai ya tashi a guje kamar an kunce jaki, sannan ƙarfinsa ya riƙa raguwa. Ganga ta ɓarke da wani irin sauri, ta iso kan karcen nan, ƙaya ta yi tsalle ta koma baya, ta sake dawowa, ta sake komawa, wuri ɗaya har sau tara, sai da Mu'awiyya ya ɗan ture ta da yatsa. Daga nan kiɗan ya fara ja, yana ja, yana ja, har ya mutu. A daidai mutuwarsa wata murya mai kauri ta fito daga akwatin, doguwa, kamar kukan sa.

Mu'awiyya ya dafe kai. "Allahu akbar! Ramla, kin ji? Kin ji sirrin da aka ɓoye mana? Gudu, da maimaici, da saukarwa. Har da kukan sa a ƙarshe, don a tuna wa manomi dabbarsa! Mutanen da ba su bar komai ba."

Ramla ta ce, "Ni dai kamar injin niƙa na ji in mai ya ƙare masa."

"Kunne iri-iri ne."

"Haka ne. Wani ma har da keke ake sayensa."

Kwana uku ya kulle kansa yana bita. Mu ba shi haƙƙinsa, yaron yana da kunne, abin da ya ji shi yake fitarwa, ba ragi ba ƙari. Maƙwabta suka fara aiko tambaya ko lafiya. Ana jibi gayya Zakiyyu ya biyo ta ƙofar gidan, ya tsaya ya saurara, ya yi sallama.

Ya ce, "Furofesa, sannu da aiki. Wannan jan da kake yi a ƙarshe, ka san a gona in aka..."

Mu'awiyya ya tare shi. "Tsaya nan! Leƙen asiri ka zo?"

"Wallahi a'a. So nake in gaya maka..."

"Kaset nawa gare ka?"

"Ba ni da ko ɗaya."

"To mai kwali huɗu kake so ka gyara wa kiɗa? Je ka, ka ci gaba da shafa wa gangar Baba man shanu, kafin ta dawo hannun mai ita."

Zakiyyu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya tafi.

Ranar gayya tun da sassafe mutum arba'in suka jeru a gonar Sarkin Noma, kowa da garmarsa. Aka shimfiɗa wa Baba Gambo buzu a gindin kuka. Zakiyyu ya fara. Ba wani ado a kiɗansa, amma garma arba'in suna sauka tare suna tashi tare, kunyoyi suna miƙewa sambal. Baba Gambo yana zaune, kansa na ɗan kaɗawa.

Da hantsi ya ɗaga aka ce Mu'awiyya ya karɓa. Ya fito da baƙin tabarau, ya rataya Tada-Rago, ya gyara murya. "Jama'a, abin da za ku ji yau, rabon ƙasar nan da jinsa tun kafin a haifi iyayenku. Mai raunin zuciya ya koma gefe."

Ya zuba mata makaɗi. Inna lillahi! Mutane suka zabura kamar an watsa musu ruwan zafi. Garma na dukan garma, ƙasa na tashi sama, wani ya cika wa na gabansa wando da turɓaya, wani takalminsa ya yi gabas shi ya yi yamma. Sarkin Noma, da furfurarsa da komai, yana haki yana cewa, "Kai! Kai! Wa ya biyo mu?"

Sai aka iso wurin karce. Ashe dukan da ke cewa a ɗaga ƙafa a yi gaba, shi ne tsakuwar nan ta cinye. Mu'awiyya ya kama wuri ɗaya yana maimaitawa, ido a rufe, yana murmushi. Manoma kuwa an ce su sara, ba a ce su matsa ba. Suka yi ta sara a inda suke tsaye, sau tara cur, har kowa ya haƙa rami a gabansa.

Sarkin Noma ya yi ihu, "Huɗa na gayyato ko haƙar rijiya?"

Mu'awiyya ya ɗauka kirari ake yi masa. Ya ɗan karkata kai kamar mai ture ƙaya, ya wuce, ya shiga saukarwa. Ya ja kiɗan, ya ja, ya ja, har ya mutu murus. Sannan ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki, ya saki kukan sa mai tsawo.

Da ya buɗe ido, ba kowa a gabansa sai garma arba'in a yashe.

Mutane sun ji kiran tuwo. Suka nufi inuwa, ba tuwo. Suka leƙa hanya, ba mata. Wani ya ce wataƙila a gida aka ce a ci, sai suka ɗunguma gidan Sarkin Noma, wanda ba shi da nisa da gonar, suna wanke hannu tun daga zaure. Inna Adama, uwargidansa, ko tuƙi ba ta fara ba, talge ne ke tafasa a tukwane.

Ba a jima ba muka ga mutum arba'in sun dawo da sauri fiye da yadda suka tafi, Inna Adama na biye da su da muciya a hannu.

"Wane mara kunyar ne ya kira tuwona yana talge? Shekara talatin ina dafa tuwon gayya ba a taɓa biyo ni madafa ba! Ina yake?"

Yatsu arba'in suka nuna Furofesa.

Ya cire tabarau. "Inna, ina kwana. Ai ni ba tuwo na kira ba, salo ne."

"Salo? To zo ka ci salon. Kai ne kuma ka yi kukan sa? Na aika a duba turke na zaci bijimin Malam ne ya kunce!"

"Inna, duk yadda marigayi Ukasha yake yi ne. A wurinsa na koya."

Baba Gambo ya ɗago kai daga kan buzu. "A wurin wa?"

"Ranka ya daɗe, a wurin mahaifinka."

"Mahaifina ya rasu ubanka yana rarrafe. A ina kuka haɗu?"

"A faifai, ranka ya daɗe."

Baba Gambo ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "A ɗauko."

Wani mai babur ya je ya ɗauko garmaho da faifai, aka ajiye a gindin kuka, gari duka ya kewaye. Mu'awiyya ya wana, ya ɗora ƙaya, ya ja baya yana cewa, "Yanzu za ku ba ni haƙuri."

Akwati ya tashi a guje. Ya iso karce ya maƙale, sau tara. Aka ture shi, ya ja, ya mutu, ya yi kukan sa. Ko duka ɗaya bai bambanta da abin da Mu'awiyya ya yi ba.

Dariyar da aka yi ranar, har daga gonakin maƙwabta aka zo tambaya. Sarkin Noma ya zauna a cikin ramin da ya haƙa yana riƙe ciki. Wani ya ce, "Wallahi yaron ya iya! Ai malaminsa ne ba shi da lafiya!" Mu 'yan gindin ɗorawa mun fi kowa ƙyaƙyatawa, alhali da a hannunmu faifan ya faɗa, da mu ma kukan san za mu yi.

Baba Gambo kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso da gwiwa, ya mayar da ƙayar farko, ya ɗora yatsansa mai rawa a kan takardar tsakiya, ya fara juya faifan da kansa. Yatsan da ya kasa riƙe makaɗi, yana taɓa faifan sai ya daina rawa.

Sai ga Tada-Rago ta fito daga cikin akwati, a natse, da nauyinta, irin kiɗan da ke sa ƙafa ta motsa ba a tambaye ta ba. Da ya zo karce ya ɗaga ƙayar ya tsallake, bakinsa ya cike dukan da ya ɓace. Dariya ta ɗauke. A bayan babbar gangar ana jin wata ƙarama tana ta gaggawa, tana neman wuce ta.

Baba Gambo ya ce, "Kun ji ƙaramar nan? Ni ne. Ina saurayi kamar wannan, ina ganin duk ƙasar Zazzau ba kamata."

Faifai ya zo ƙarshe, wurin kukan sa. Da aka juya shi daidai, sai ga muryar mutum, tar, kamar yana tsaye a bayan kukar: "Gambo, bi a hankali, ba kora ake yi ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Hawaye suka bi gemunsa. Ya ce, "Shekara hamsin da biyar rabon da in ji muryar nan." Inna Adama ta sauke muciya ta goge ido da gefen zane.

Mu'awiyya ya buɗe baki, mun san me zai ce, zai ce dama gwada mu yake yi. Sai ya rufe. Ya cire Tada-Rago daga kafaɗarsa, ya je ya rataya wa Zakiyyu da hannunsa tun kafin a ce masa, ya dawo ya durƙusa gaban Baba Gambo. "Ranka ya daɗe, ka yafe mini. Na mai da mahaifinka sa a gaban jama'a."

Baba Gambo ya ce, "Ka mai da shi sa, amma kai ka dawo mini da shi. Ganga ta Zakiyyu ce. Kai kuma kunne gare ka, saura ka kai shi inda mutane suke. Gobe akwai gayya a Nasarawan Doya, kai za ka ɗauki ganga."

Ramla, da ta kawo ruwa tare da mata, ta ce a hankali, "Da ƙafa kuwa, tun da tarihi ba ya da taya."

Yanzu damina biyu ke nan Mu'awiyya yana bin su gona-gona da 'yar ƙaramar ganga. Kwali huɗun suna nan, har ya ƙara na biyar, don hali ba ya fita a rana ɗaya. Amma in baƙo ya zo gindin ɗorawa ya tambaye shi a hannun wa ya sha kiɗa, ba ya ɗaga hannuwa kuma. Sai ya ce, "Malamaina uku ne: garmahon Hajiya Mairo, da ƙayar aduwa, da wata 'yar tsakuwa. Kuma duk cikin almajiransu ba wanda ya kai ni."

A gona kuwa har yanzu hannunsa kan so ya yi gaba. Da zarar ya fara, Baba Gambo zai ɗago daga kan buzu, ba tare da ya buɗe ido ba, ya ce, "Mu'awiyya, bi a hankali, ba kora ake yi ba."